Bayanan kwastoma amana ne a hannun mai shago

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, masu POS suka cika Kontagora, daga bakin kasuwa har tashar mota. Ciniki ya koma cikin waya da kwamfuta, amma tsaron abin da ke ciki bai biyo baya ba.

A leƙa shagunan buga takardu na kusa da kwalejin ilimi. Hotunan katin NIN da takardun haihuwar mutane suna zube a kwamfuta guda, ba lambar sirri, kowa ya zo ya soka filashinsa. Wannan abin damuwa ne ƙwarai, domin da irin waɗannan bayanai ake damfarar bayin Allah. Dokar kare bayanai da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora alhakin tsare su a wuyan wanda ya karɓa.

Gyaran bai kai kuɗin buhun masara ba. A sa lambar sirri, a canza ta ranar da yaron shago ya bar aiki. A goge takardun kwastoma da an gama buga masa. Lissafin bashi kuwa, a ajiye kwafinsa a wani wuri dabam, don wuta mai ƙarfi kan ƙona kwamfuta. Ya kamata ƙungiyar 'yan kasuwar garin ta gayyaci hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ta zo ta yi wa mambobinta bayani da Hausa.