Ba da shawara ta waya: Sauƙi ya samu, amma wa ke riƙe da sirrin?

A 'yan shekarun nan aikin ba da shawara ga masu fama da ciwon damuwa, rikicin aure ko shaye-shaye ya fara ƙaura daga ofis zuwa wayar hannu. Wanda a da sai ya bi layi a asibiti, yanzu yana iya tura saƙon murya ta WhatsApp, ko ya yi magana da ƙwararre ta bidiyo. Wasu ma ba mutum suke kai wa kukansu ba, manhajar ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT suke buɗe wa ciki.

Ba abin mamaki ba ne. Likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a Najeriya ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. A Arewa, manyan asibitocin wannan fanni kamar na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano da na Maiduguri sun yi wa mafi yawan jama'a nisa. Ga kuma yawan mabuƙata: binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a ƙasar.

Abin da waya ta sauƙaƙa

Babban abin da ke hana mutane neman taimako ba nisa ba ne kaɗai, har da kunya. Ɗan kasuwar da bashi ya hana barci ba zai so a gan shi a ƙofar asibitin da jama'a ke kira na mahaukata ba, domin gobe babu mai ba shi kaya. Ma'aikaciyar gwamnati na gudun kada maganar ta kai ofis. Waya ta cire wannan shinge, kuma saƙon murya ya buɗe ƙofa ga wanda bai iya karatun boko ba. Hukumar NDLEA ta gane haka, shi ya sa a 2022 ta buɗe cibiyar kiran waya kyauta, inda masu ba da shawara ke amsa kiran masu shaye-shaye da iyalansu dare da rana.

Sai dai kuma ginshiƙin wannan aiki shi ne amana. Mutum ba ya faɗin abin da ke ransa sai ya tabbata maganar za ta tsaya tsakaninsa da wanda ya faɗa wa. A ofis, mutum biyu ne ke jin maganar. A waya, akwai na uku da na huɗu: kamfanin da ya mallaki manhajar, rumbun da ake adana bayanan, da duk wanda wayar ta faɗa hannunsa.

Darasi daga Finland da Amurka

A 2020 aka gano cewa wani mai kutse ya shiga rumbun bayanan Vastaamo, wani kamfanin ba da shawara a ƙasar Finland, ya kwashe bayanan mutum kusan 33,000, har da abin da suka faɗa wa masu duba su. Da kamfanin ya ƙi biyan kuɗin fansa, sai ya koma kan marasa lafiyar ɗaya bayan ɗaya, yana neman Yuro 200 daga kowa, in ba haka ba ya tona asirinsa. Kamfanin ya durƙushe, an kuma ɗaure mai laifin shekara shida da wata uku a 2024, amma bayanan da suka riga suka shiga intanet ba su dawo ba.

A Amurka kuwa ba ɓarawo ne ya yi ɓarnar ba. A 2023 hukumar kula da kasuwanci ta ƙasar ta sa kamfanin BetterHelp ya biya Dala miliyan 7.8, bisa zargin miƙa bayanan masu neman shawara ga Facebook da Snapchat domin talla, bayan ya yi musu alkawarin sirri.

'Yan Najeriya sun san ɗanɗanon irin wannan. Manhajojin ba da rance sun sha kwashe lambobin da ke cikin wayar wanda ya ci bashi, su tura wa 'yan uwa da abokan aikinsa saƙon cin mutunci, har sai da hukumar FCCPC ta fara dirar musu a 2022. Idan bashin 'yan dubbai ya jawo haka, me zai faru idan abin da ya fita labarin aure ne ko na yunƙurin kashe kai? Ga shi har yanzu sashe na 231 na Penal Code da ake aiki da shi a Arewa yana ɗaukar wannan yunƙuri a matsayin laifi mai hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara guda.

Akwai kuma haɗarin cikin gida. WhatsApp na kulle saƙo a kan hanya, amma ba ya hana miji, mata, 'ya'ya ko mai gyaran waya saurarensa idan ya sauka. A gidajen da waya ɗaya ke zagayawa, matar da ta kai ƙarar dukan da ake yi mata na iya jawo wa kanta wani dukan.

Na'ura ba ta ɗaukar alhaki

Batun ƙirƙirarriyar basira ya fi sarƙaƙiya. Tana amsawa da tsakar dare, ba ta gajiya, ba ta kuma yi wa kowa kallon raini. Amma ba ta ganin fuskar mai magana, ba ta da lasisin da za a ƙwace idan ta yi kuskure. A 2023 wata ƙungiyar Amurka mai taimakon masu larurar cin abinci ta dakatar da manhajarta mai suna Tessa, bayan an same ta tana ba su shawarar rage ƙiba, abin da ke ƙara musu ciwo. A watan Agustan 2025 jihar Illinois ta haramta wa irin waɗannan manhajoji yin aikin jinyar tunani ba tare da ƙwararre mai lasisi ba.

Ga mai jin Hausa akwai ƙarin matsala. Mutanenmu ba kasafai suke cewa suna da ciwon damuwa ba. Sai dai a ji "zuciyata na tafasa", ko "duniya ta ishe ni". Ƙwararren da ya san al'ada zai tsaya ya bincika ko gajiya ce ko kuwa rai ne ke cikin haɗari. Na'urar da aka horar galibi da rubutun Ingilishi na iya wucewa ba ta lura ba.

Doka akwai, aiki da ita ya rage

Najeriya ba ta rasa dokoki ba. A 2022 aka kafa majalisar kula da masu sana'ar ba da shawara. A Janairun 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya amince da Dokar Kare Bayanai, wadda ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, ta kuma wajabta sanar da hukuma cikin sa'o'i 72 idan aka yi kutsen da ka iya cutar da jama'a.

Duk da haka, a yau kowa na iya buɗe shafi a TikTok ko Facebook ya kira kansa mai ba da shawara kan aure, ya karɓi kuɗi, har ya wallafa saƙonnin mutane da sunan darasi. Abin da ake buƙata shi ne rajistar ƙwararru da kowa zai iya dubawa ta waya, ƙa'ida kan inda ake adana hirarraki da tsawon lokacin ajiye su, da tilasta wa kowane mai wannan aiki ya kasance yana da asibitin da zai tura mutum idan abin ya fi ƙarfin magana.

Kafin hukumomi su kai ga haka, nauyin yana kan mai neman taimako. Ya tambayi wanda zai yi magana da shi inda ya yi karatu da hukumar da ta yi masa rajista. Ya tambaya ko ana naɗar hirar, da wanda zai iya ganinta. Ya sa wa wayarsa makulli, ya goge abin da ba ya so wani ya ji. Idan kuwa tunanin cutar da kai ya shigo, lokacin hira da manhaja ya wuce, sai a sanar da na kusa a nufi asibiti.