Kafin a hau ingarma, linzami ake dubawa



Duk wanda ya saba bin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, daga Maraɗi ta Cadawa da Gazawa zuwa Tasawa, ya ga yadda motoci suka sake. Inda a da Peugeot 504 ke sarauta, yau manyan Toyota masu inji V8 da motocin Jamus ne ke wucewa kamar walƙiya. Mai sayen irin wannan mota yakan tambayi ƙarfin inji, ya shafa fenti, ya gwada sanyin ciki, amma da wuya ka ji ya tambayi takalmin burki. Alhali kuwa mahayin kirki ba ya hawa ingarma sai ya duba linzami.

Kwanan baya wani ɗan kasuwa ya rage mini hanya daga Tasawa. Ba mu yi nisa ba sai ga amalanken shanu ya hawo kwalta, yara biyu bisa kaya. Ya taka burki, motar ta yi ƙara, ta ci gaba da sulalawa, ba ta tsaya ba sai da ya rage taku uku. Da muka isa gareji, makanike ya kwance ƙafar gaba, ya ce: «Alhaji, ai ƙarfe ne ke cin ƙarfe.» Takalmin bai cika wata biyu ba, an saye shi don araha, fatar da aka liƙa masa ta ɓamɓare.

Ya kamata mu san aikin da muke ɗora wa wannan ɗan abu da bai fi tafin hannu ba. Motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana cin mita 33 a daƙiƙa guda. In gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa ninki huɗu take yi: abin da mita 20 ke isa a gudun 60, sai ya nemi wajen mita 80 a gudun 120. Duk wannan ƙarfi zafi yake komawa tsakanin takalmi da faifai, kuma ƙafafun gaba ne ke ɗaukar wajen kashi biyu cikin uku na aikin. Takalmin banza, da ya ɗauki zafi, sai ya daina kamawa.

Takalmin burki iri uku ne a kasuwa. Na farko mai taushi ne, da zare da ƙaro ake haɗa shi; ba ya ƙara, amma yana saurin cinyewa, kuma ba ya jure zafi. Na biyu an gauraya shi da garin ƙarfe. Yana ɗan ƙara, yana cin faifai, amma yana jure zafi da nauyi. Na uku da sinadarin tangaran ake yin sa. Yana daɗewa, ba ya ɓata ƙafa da baƙar ƙura, sai dai tsada. Ga mota mai nauyi da gudu, a ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40, a ganina na biyun ya fi dacewa.

Akwai kuma samari masu cewa a sa musu takalmin motocin tsere. Wannan linzami ne da ya fi bakin kaza. An yi shi ne don ya kama bayan ya yi zafi ƙwarai. Da sanyin asuba, lokacin da akuya ta gitta a bakin gari, sai ya ba da kunya.

Yaya za a gane na gari? Tun da darajar sefa ta faɗi da rabi a watan Janairu na 1994, kayan Turai suka ninka kuɗi, idon masu motoci ya koma kan araha, ƴan jabu kuma suka samu ƙofa. Sunan Ferodo, Bosch ko Brembo bisa kwali bai isa shaida ba, domin kwali ma ana buga shi. A duba bayan takalmin kansa: wanda ya cika ƙa'idar Turai yana ɗauke da harafin E da lamba 90R, alamar an gwada shi, kamunsa bai bambanta da na asali da fiye da kashi 15 cikin ɗari ba. A je da lambar jikin mota, a sayi wanda ya dace da ita, wurin mai shagon da za a iya komawa gare shi gobe.

Sauran aiki na gareji ne. Dama da hagu tare ake sake su. In kaurin fata ya koma milimita 3, lokaci ya yi. Faifan da ya yi zane ko ya lanƙwashe zai lalata sabon takalmi. Man burki yana shan raɓa: DOT 4 sabo sai a digiri 230 yake tafasa, in ya sha ruwa yakan sauko zuwa 155, shi ya sa ake sake shi duk shekara biyu. Sabon takalmi kuma a bi shi sannu a kilomita 200 na farko, har ya zauna bisa faifai. Masu shiga ƙauyukan Mayahi da yashin Gulbin Kaba su riƙa dubawa a kai a kai, don yashi kamar zarto yake ga burki. A daina hura ƙurar burki da baki: Faransa ta hana asbestos tun 1997 saboda cutar huhu, amma ba kowace ƙasa mai ƙera takalmi ce ta hana ba.

Wanda ya iya fitar da miliyoyi ya sayi mota, kada ya tsaya cinikin jaka biyar a kan abin da zai tsayar da ita. Hanyar ba tasa ba ce shi kaɗai: da mai jaki, da ɗan makaranta, da matar da ta ɗauko itace. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.