SHARHI: Motsa jiki sai da fili, darasi daga unguwar Gwange ta Maiduguri

Shawarar da likitoci da masu horarwa a gidajen motsa jiki ke bai wa jama'a ba ta da sarƙaƙiya. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta sabunta a 2020 ta ce baligi na buƙatar matsakaicin motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, kamar tafiya da sauri, tare da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu a mako. Yaro daga shekara 5 zuwa 17 kuwa sa'a guda yake buƙata kullum. Ma'aikacin da ke zaune a Gwarinpa ko Garki zai iya cika wannan ƙa'ida idan ya ga dama, domin ga gefen titi, ga lambun shaƙatawa, ga gidan motsa jiki na kuɗi.

Sai dai shawarar na da sharaɗin da ba a cika ambata ba: dole a samu wurin da mutum zai taka ƙafa cikin aminci. Unguwar Gwange da ke tsakiyar Maiduguri ta nuna abin da ke faruwa idan babu wannan wuri, kuma ta nuna cewa maganar ta shafi teburin masu tsara kasafi a Abuja fiye da yadda suke zato.

Abin da Gwange ta gani

Gwange tsohuwar unguwa ce mai cunkoso a gaɓar kogin Ngadda, wadda girmanta ya sa aka raba ta mazaɓu uku. A yammacin 23 ga Fabrairu, 2021, mayaƙan Boko Haram sun harba rokoki cikin birnin. Ɗaya ta faɗa filin da yara ke buga ƙwallo a Gwange, kuma rahotanni sun ce yara tara suka rasu a wurin. Abin nan da ake kwaɗaita wa kowane yaro a duniya, wato ya fita ya yi wasa, shi suke yi lokacin da ajali ya same su. Uwar da ta ga wannan rana ba za a zarge ta ba idan ta hana ɗanta fita.

Bayan shekara uku da rabi, a ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, irin ambaliyar da birnin bai gani ba tun 1994. Gwange na cikin unguwannin da ruwan ya fi yi wa ɓarna. Gidaje sun rushe, makarantu da dama a birnin sun koma matsugunan waɗanda suka rasa muhalli, ruwan ya shiga har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, sannan cutar kwalara ta biyo baya.

Ga kuma yanayin gari. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maiduguri kan haura maki 40 a ma'aunin Salshiyos, lokacin hunturu kuma ƙura ce ke turnuƙe sararin sama. Tun bayan haramta babura a 2011, Keke Napep ne ya mamaye tituna, mai tafiya a ƙasa kuma yana rabon hanya da shi.

Tun a 2012 masana a sashen gashin ƙashi na Jami'ar Maiduguri, ƙarƙashin jagorancin Adewale Oyeyemi, suka wallafa binciken da ya nuna alaƙa tsakanin yadda mazauna birnin ke kallon amincin unguwarsu daga masu laifi da ababen hawa, da yawan motsa jikin da suke yi. Ma'ana, ba lalaci kaɗai ke zaunar da mutum a gida ba.

Cutar da ba ta da ƙara

Za a iya cewa mutumin da ke neman abin sawa a bakin salati ina ruwansa da atisaye. Gaskiya ne mai ga-ruwa da lebura da ɗan dako sun wuce minti 300 tun kafin Laraba. Amma unguwa ba su kaɗai ba ne. Akwai direban keke da ke yini a kan kujera, da tela, da mai ɗinkin hula, da ɗan kasuwar da ba ya tashi daga rumfa sai sallah, da matan aure da duniyarsu ba ta wuce tsakar gida ba. Waɗannan zamansu bai bambanta da na darakta a Sakatariyar Tarayya ba, illa shi yana da inshorar lafiya, su ba su da ita.

Ƙiyasin masana ya nuna kimanin baligi ɗaya cikin uku a Najeriya na da hawan jini, kuma da yawa ba su sani ba. Alƙaluman WHO na 2018 sun ɗora kashi 29 cikin ɗari na mace-macen ƙasar nan a kan cututtukan da ba a ɗauka daga wani, irin su ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon suga da daji. A Borno da Yobe kuma likitoci sun daɗe suna kokawa kan yawaitar ciwon ƙoda, wanda hawan jini da ciwon suga ke cikin manyan abubuwan da ke kai mutum gare shi. Iyalin da mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 ke riƙe da su ba za su jure wa kuɗin wankin ƙoda na wata guda ba. Rigakafi ya fi magani, a nan kuma ya fi shi araha nesa ba kusa ba.

Shawarar da ta dace da wurin

Matasan unguwanni irin Gwange ba su jira gwamnati ba. Wanda ya saba da biranen Arewa ya san wuraren ɗaga ƙarfe na bayan layi, inda ake zuba siminti a gwangwani a soka masa ƙarfe. Himma ce abar yabo, amma tana buƙatar ilimi, kuma a nan nauyi ya hau kan masu horarwa.

Na farko shi ne lokaci. A ƙasar zafi, bayan sallar Asuba ko gab da faɗuwar rana ne lokacin atisaye, a sha ruwa kafin a fara da bayan an gama. A watan azumi a sassauta, a mayar da mai nauyin bayan buɗa-baki. Wanda ya ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko numfashi ya sarƙe masa, ya dakata nan take ya nemi likita.

Na biyu shi ne awo. Duk wanda ya haura shekara 40, ko yake da tarihin hawan jini a gidansu, ya auna jininsa kafin ya kama ƙarfe mai nauyi, domin riƙe numfashi yayin ɗagawa kan cilla jini sama. Sabon shiga ya fara da kaɗan, ya ƙara sannu a hankali.

Na uku shi ne abin da ake haɗiya. Shan magungunan kashe zafin ciwo irin su diclofenac da ibuprofen barkatai, musamman jiki na cikin ƙishirwa, yana cutar da ƙoda. Tramadol ba ya ƙara ƙarfi, gajiya kawai yake ɓoyewa kafin ya kama mutum. Ƙwayoyin kumbura ƙwanji da garin gina jiki marasa lambar NAFDAC caca ce da hanta da zuciya. Wake, gyaɗa, ƙwai, nono da bandar kifin Tafkin Chadi sun wadatar da mai neman gina jiki. Gishiri kuwa kada ya kai giram 5 a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali guda, kuma dunƙulen ɗanɗanon miya na cikin lissafin.

Inda alƙalamin Abuja ya shigo

A farkon 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da Naira biliyan 80 domin sake gina madatsar Alau. Aiki ne da ya zama wajibi. Amma sake gina birni bai tsaya ga datse ruwa ba, kuma yanzu da ake zana magudanai da tituna da makarantu ne lokacin da ya fi sauƙi a saka abin da aka manta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Gaɓar kogin da bai kamata a sake gina gidaje a kanta ba, za ta iya zama hanyar tafiya a ƙasa mai inuwar dogon yaro da filayen ƙwallo. Fili ba ya rushewa idan ruwa ya hau shi, kuma wurin da jama'a ke amfani da shi kullum ya fi wuyar cinyewa ga masu sayar da fuloti. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, amma kuɗi da tsari na iya fitowa daga Hukumar Raya Arewa maso Gabas, NEDC, wadda hedikwatarta ke Maiduguri.

Makarantun da aka gyara kuma, a bar musu filin wasa mai katanga da fitilar sola, a buɗe shi ga unguwa bayan an tashi, a ware wa mata ranakunsu da mata masu horarwa. Muddin ba a yi haka ba, rabin al'umma na waje da duk wani shiri. Asusun kula da lafiya a matakin farko da Dokar Lafiya ta 2014 ta kafa, ya kamata a ga tasirinsa a na'urar awon jini mai aiki da maganin hawan jini a kowane ƙaramin asibiti.

Hukumar Wasanni ta Ƙasa, wadda ta gaji ma'aikatar wasanni a Oktoban 2024 ƙarƙashin Shehu Dikko, ita ma tana da abin dubawa. A watan Yunin shekarar ne El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta doke Abia Warriors da ci 2 da nema ta ɗauki Kofin Tarayya, wanda rabonta da shi tun 1992. 'Yan wasa irin waɗannan a filayen unguwa suke tsirowa. Hukumar da ke ƙirga lambobin yabo kaɗai, ba ta ƙirga filayen da yara ke wasa, tana girbin abin da ba ta shuka ba.

Hadiman 'yan majalisa su ne ke rubuta jerin ayyukan mazaɓu, jami'an tsare-tsare kuma su ke tace su. Kekunan ɗinki da injinan markaɗe da ake rabawa suna da amfaninsu, amma sukan ƙare a hannun mutum ɗaya. Fili mai katanga da famfo da fitila na unguwa ne baki ɗaya, shekara da shekaru. Kafin a rufe kasafi na gaba, ya dace wani a cikinsu ya nemi sanin filaye nawa suka rage wa yaran mazaɓu ukun Gwange, kuma nawa ne za a kashe a kare su.