Kada a ɗora wa rabo laifin kalanda

Kowace shekara sai na ji wannan magana a bakin iyaye a Simsim da ƙauyukan da ke kewaye da ita: "Mun kai yaro makarantar kuɗi a Gadarif, ba a ɗauke shi ba. Babu rabo ne." Daga nan a shafa fatiha, a rufe zance. Ni ban musa rabo ba, 'yan'uwa, kuma babu musulmin da zai musa. Abin da na ƙi shi ne a haɗa sakacinmu da son kan masu makarantu, a naɗa musu rawanin ƙaddara.

Bari in fara da masu makarantun, domin nasu ya fi nauyi. Suna cewa jarrabawa ce kaɗai alƙali. To, yaushe ake zama jarrabawar? A da shekarar karatu tana farawa a Yuli, daga baya aka matsar da ita wajen Satumba. Ko wanne ka ɗauka, rajista da kuɗin kama kujera suna faɗowa daidai lokacin da manomi ya binne duk abin da ya mallaka a ƙasa: iri, man tarakta, ladan masu cire ciyawa. Ridi sai Oktoba ake yankansa, dawa kuwa tana bayansa. A tsakani, baƙar lakar nan tamu takan riƙe babbar mota kwana da kwanaki. Ɗan ma'aikacin da ke cikin gari ubansa zai ga sanarwa a WhatsApp da safe, ya biya kafin azahar. Namu, kafin ubansa ya kai buhu kasuwar amfanin gona ta Gadarif ya karɓi kuɗi, an cike aji. Wanda ya nace kuma sai ya faɗa hannun masu bashin shail, ya sayar da ridin da bai nuna ba a kan farashin wulaƙanci. An ce an gwada ƙwaƙwalwar yaro, alhali aljihun ubansa aka gwada, a watan da aka san babu komai a ciki.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ƙara ƙuntata ƙofar. Bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar wannan shekara, jama'a suka kwararo Gadarif, makarantun gwamnati da yawa suka zama masaukin 'yan gudun hijira, masu neman kujera a na kuɗi suka ƙaru. Ba na ganin laifin waɗanda suka zo, masifa ce ta koro su. Amma tun daga nan kowace jiha da ranar da take buɗe makarantunta, har ɗaliban da ya kamata su rubuta jarrabawar shahadar Sudan a 2023 sai ranar 28 ga Disamba 2024 suka fara zama. Makarantar da har yanzu take riƙe da iyakar shekarun haihuwa kamar babu abin da ya faru, tana hukunta yaro ne a kan yaƙin da ba shi ya tayar ba.

Sai batun takarda. Yaranmu nawa aka haifa a gona, ba su da shaidar haihuwa sai ta tasnin, wadda ke mayar da kowa haihuwar 1 ga Janairu? Lambar ɗan ƙasa kuwa, kowa ya san irin tambayoyin da Bahaushe yake amsawa kafin ta fito, ko da kakanninsa na cikin waɗanda suka kafa Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903. Abin da kan ci watanni ba a fara nemansa ana saura mako a rufe rajista.

A nan kuwa laifin namu ne. Mu ne muka san cewa ridi idan ya nuna ba ya jiran kowa. Ka yi jinkirin kwanaki kaɗan ya fashe, ya zube, ka tsinci kara. Mutum zai hana idonsa barci saboda wannan, amma karatun ɗansa sai ya ce "sai bayan kaka". Tun da aka dawo da makarantar tsakiya, ƙofofin shiga uku ne: aji ɗaya, farkon tsakiya, farkon sakandare. A nan ake buɗe aji sabo fil. Wanda ya kai yaro aji uku ko huɗu, kujerar wanda ya tashi yake jira, ita kuwa ba kullum ake samunta ba. Haka wanda ya ce sai yaro ya sauke a makarantar allo tukuna, sai ka ce allo da boko ba su taɓa kwana a ɗaki ɗaya ba. 'Ya'ya mata kuma, galibi ko kai su gwajin ba a yi, balle a ce an ƙi su.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Masu makarantu su karɓi rajista da ɗan kafin alƙalami, su jinkirta cikon kuɗi zuwa bayan yankan ridi, dattawan gari su tsaya wa manomi. Sanarwa kuma a aiko da ita masallatan Juma'a da ranakun kasuwa, domin waya a nan sai ta ga dama take kamawa. Mu kuma mu yi namu da rani, a Fabrairu ko Maris, hanya a bushe, kuɗin dawa a hannu: a tara yaran da shekarunsu suka kai, maza da mata, a ɗauki mota guda zuwa Gadarif, a fitar da takardunsu, a bi makarantun ɗaya bayan ɗaya a rubuto ranar gwajin kowace.