RA'AYINMU: Raba Gari Ba Ya Raba Kasuwa

Ran 29 ga Janairu, 2025, Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga Ƙungiyar Tattalin Arzikin Afirka ta Yamma, wato ECOWAS, wadda aka kafa a Ikko ran 28 ga Mayu, 1975. Gardamar wanda ya ke da gaskiya tsakanin sojojin da ke mulkin ƙasashen nan uku da sauran shugabanni, mun bar wa masu siyasa. Abin da ya dame mu shi ne ciniki, domin da yawa daga masu karatunmu da ke Agege da Mil 12 da Sabon Badun da Anacha, abincinsu ya rataya ne a kan hanyoyin Illela da Jibiya da Maigatari.

Ta waɗannan hanyoyi ne albasar Galmi da wake da kanwa da shanu da raguna ke gangarowa Kudu, ta nan kuma siminti da atamfa da kayan masarufi ke haurawa Maraɗi da Damagaram. Yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar ikon shiga wata ya yi kwana 90 ba tare da biza ba, tsarin ciniki na ƙungiyar kuma ya yafe kuɗin fito a kan dabbobi da amfanin gona. Da aka raba gari, ECOWAS ta yi sanarwa cewa a ci gaba da karɓar fasfo da kayan ƙasashen uku kamar da, har sai an ji wata magana. Su ma sun ce ƙofarsu a buɗe ta ke ga mutanen ƙungiyar. Wannan abin yabo ne, amma fa abin da aka bayar da sanarwa, da sanarwa a ke janye shi. A watan Maris na 2025 ƙasashen uku suka ɗora harajin kashi 0.5 cikin ɗari a kan kayan da ke shigar musu daga waje. Kuɗin ba shi da yawa, sai dai ya nuna cewa kowane ɓangare na iya sauya ƙa'ida shi kaɗai. Wanda kuma ya ga yadda manyan motoci suka yi layi a bakin iyaka, kaya na ruɓewa a ciki, bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023 har zuwa buɗe iyaka a Maris na 2024, ya san ko wane ne ke biyan kuɗin fushin manya.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mutanen Birtaniya sun jefa ƙuri'ar barin Tarayyar Turai ran 23 ga Yuni, 2016, ba su fita ba sai ran 31 ga Janairu, 2020, yarjejeniyar ciniki kuwa ba a daidaita a kanta ba sai ran 24 ga Disamba na wannan shekara, saura mako guda wa'adi ya cika. Ta fi shafi 1,200. An yarda babu kuɗin fito, babu ƙayyade yawan kaya, amma takardu suka maye gurbin haraji: takardar kwastan, da shaidar asalin kaya, da shaidar likitan dabbobi a kan nama da kifi da cuku. Manyan kamfanoni suka ɗauki akawuna su cika musu, ƙananan 'yan kasuwa da yawa kuwa suka haƙura da sayarwa a Turai. Maganar Ireland ta Arewa, inda ƙasar ke da iyaka ta tudu da Tarayyar, sai da aka sake zama a kanta a Fabrairun 2023.

Birtaniya ta nemi cike gurbin da ƙasashe masu nisa. Ta ƙulla da Ostireliya a 2021, amma lissafin gwamnatinta da kanta ya nuna ribar ba za ta wuce kashi 0.08 cikin ɗari na arzikin ƙasa ba, alhali hukumar da ke duba kasafin kuɗinta ta ƙiyasta cewa ficewar za ta rage ƙarfin tattalin arziki da kamar kashi 4 cikin ɗari nan gaba. Abokin ciniki na nesa ba ya zama madadin maƙwabci. Idan ƙasa mai tashoshin jiragen ruwa da dubban ƙwararrun ma'aikata ta sha wannan wahala, ina ga Nijar wadda ba ta da teku, wadda kuma iyakarta da mu ta fi kilomita 1,500? Ko a nan yankinmu, Mauritaniya ta bar ECOWAS a shekarar 2000, ba ta sa hannu a yarjejeniyar hulɗa da ƙungiyar ba sai 2017. Mai buhun albasa ba shi da shekara 17 da zai jira.

A watan Mayu na 2025 shugaban hukumar ECOWAS, Omar Alieu Touray, ya zauna da ministocin harkokin waje na ƙasashen uku a Bamako. Mu a namu ra'ayi, abubuwa huɗu ne ya wajaba wakilan Nijeriya su riƙe a duk irin wannan zama. Na farko, a ware maganar ciniki daga maganar mulki, kada a sake mai da iyaka bulala. A nan mu ma ba mu da bakin zargin kowa, gama Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokinmu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Na biyu, a rubuta a sa hannu cewa dabbobi da amfanin gona za su riƙa wucewa babu fito, duk mai son sauya wani abu kuma ya ba da wa'adi na watanni, don kada a tare mutum da sabuwar doka kayansa na kan mota. Na uku, takarda ta zama guda ɗaya mai sauƙi, wadda falke zai iya samu a bakin iyaka ba sai ya nemi ɗan kamasho ba. Na huɗu, a tabbatar wa 'yan Nijar da ke neman abinci a Ikko da Fatakwal, da 'yan Nijeriya da ke Yamai da Ƙonni, izinin zama da na sana'a. Ba a rasa turbar da za a bi ba: akwai Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar tun 1971, akwai kuma yarjejeniyar ciniki ta Afirka baki ɗaya, wadda Nijeriya ta sa wa hannu a Yamai a Yulin 2019.

Ku kuma jama'armu mazauna Kudu, kada ku zuba ido. Wanda ba ya wurin rabo, da abin da aka ga dama a ke sallamarsa. Sarakunan Hausawa da shugabannin kara da ƙungiyoyin masu albasa da hatsi su zauna su rubuta abin da a ke karɓa a kowane shinge daga iyaka zuwa kasuwa, da kwanakin da mota ke ɓatawa, su miƙa wa Ma'aikatar Ciniki da wakilansu a Majalisar Tarayya. Kowa kuma ya gyara takardunsa tun ba a tambaye shi ba. Masu zama a teburin shawara ba su taɓa kwana a bayan tirela da garken shanu ba, sai an gaya musu za su sani.