Mun Gama Wannan Littafin Yaƙi, To Wanne Za a Sa Gaba? Ga Nawa Ra'ayi

Jama'ar Agadas da kewaye, da ƴan uwa masu bibiyarmu daga Arlit da Ingal, har waɗanda ke can dajin zinariya.

Daren jiya a fadarmu shayi ya kai zagaye na uku ana gardama ɗaya. Mun gama sauraren wani dogon littafin yaƙi a waya, sai aka ce to wanne za a sa gaba? Wani ya ce a nemo mai aljanu da yawa. Wani ya ce shi dai in babu sadaukin da ke sare kai ɗari da sara guda, barci zai kwashe shi. Ni da na ce a koma wa Ruwan Bagaja sai aka fashe da dariya, wai littafin tsofaffi ne. Shi ya sa na kawo maganar nan, don na san ba fadarmu kaɗai ke wannan gardamar ba.

Tun farko, ni ba maƙiyin littattafan yaƙi ba ne. Marubutan Kano irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini sun yi ƙoƙari, sun sa samarin da ba su taɓa riƙe littafin Hausa ba suna kwana suna saurare. Direbobi nawa labaran nan suka hana gyangyaɗi a hanyar Tawa? Amma dogon labari ba kyauta ba ne. Yana cin mega, yana cin cajin waya a garin da kuran ke tafiya ya dawo, yana cin dararen mutum wata da watanni. Abin da zai ci maka wannan duka, ai ya kamata ka duba haƙoransa kamar mai sayen raƙumi.

Abu na farko da nake dubawa yanzu shi ne, labarin nan yana da ƙarshe kuwa? Ni an taɓa yi mini. Na bi wani labari kashi bayan kashi har na wuce talatin, jarumi ya shiga kogon matsafi, sai mai karantawa ya ɓace. Har yau bawan Allah yana cikin kogon nan. Tun daga ranar ba na fara labari sai na tabbatar kashin ƙarshe yana nan.

Abu na biyu, da me jarumin ke cin nasara? In kullum takobi ne da tsafi, kashi na ashirin ba shi da bambanci da na biyu, sunan birni kawai ake canzawa. Labarin da ke zama a kai shi ne wanda mutum ke fita daga tarko da dabara, ko ya faɗa ciki saboda kwaɗayinsa.

Abu na uku, Hausar. Akwai littafin da in ka gama shi bakinka ya ƙaru da kalma hamsin, akwai wanda ba ka tsira da komai sai "kafin ƙiftawar ido".

Da wannan ma'auni ne na ce a koma tushe. A 1933 aka yi gasar rubuta labarai a Zariya, daga cikinta aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Mai son aljanu da tafiya ƙasashen da babu su a taswira, duk suna ciki. A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam ne ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, kuma duk inda ya sauka sai ya ci karo da Malam Zurƙe, su yi ta ƙulla wa juna sharri. Dare biyu ya ishe ka gama shi, dariyar kuwa sai ta bi ka har kasuwa. Ganɗoki shi na masu son ƙarar takobi ne: ya fara da yaƙin Turawa na gaske, sannan ya zarce duniyar aljanu. Sai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya tashi ba ya iya tafiya, ya zo ya zama sadaukin da ake tsoro.

Wanda kuma ya ce shi sai mai juzu'i-juzu'i, ga Magana Jari Ce, littafi uku cif, kuma ya ƙare. Jarumin ciki ma ba mutum ba ne, aku ne, ba shi da makami sai baki. Da labari yake riƙe ɗan sarki a gida don kada ya faɗa tarkon waziri. In aka ce in zaɓi ɗaya tak ga fadarmu, shi zan ɗauka.

Na san abin da za a ce: ai Imam ma aro ya yi daga labaran Larabawa da na Turawa. Gaskiya ne, Iliya ma asalinsa labarin Rasha ne. To amma littattafan yaƙin da muke ji yau ina suke kai mu in ba Misra da Hindu ba? Aro ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne ko an ɗinka wa baƙon riga daidai jikinsa, har ka ji kamar a bayan gidanku abin ya faru. Nan ne tsofaffin suka yi zarra.

Akwai kuma wani dalili da ya shafe mu mu ƴan Nijar. Yawancinmu da Faransanci muka yi lakwal. Muna jin Hausa, muna ciniki da ita, amma a miƙo mana takarda sai mu yi ta tuntuɓe a kan ƙ da ɗ da ɓ. Shi ya sa muka fi son saurare. Ga shi tun 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Harshen da ba ka iya karantawa, wani ne zai riƙa karanta maka shi, ya tsallake abin da ya ga dama. Waɗannan littattafan gajeru ne, Hausarsu tsaf, babu abin koyon karatu kamarsu. Ka ba mai zuwa Kano ko Maraɗi saƙo ya sayo maka, ka sa sauti a kunne, littafi a hannu, kana bi da ido. Wata ɗaya za ka ga bambanci, kuma ƙanenka zai gaji littafin, abin da ba zai yi da mega ba.

Kuma sai mun iya karatun ne za mu iya rubuta namu. Muna da ayarin gishiri da ke ratsa Tenere zuwa Faci da Bilma. Muna da duwatsun Bagzan, da ƙasusuwan manyan dabbobin da a Gadufawa, da yaƙin Kawsan na 1916 zuwa 1917 a cikin garin nan. Wane marubuci ne zai rasa abin faɗa da wannan? Amma har yanzu muna jiran a kawo mana labarin sahara daga wanda bai taɓa kwana a cikinta ba.

A fadarmu dai an yi sulhu: dare biyu na Ruwan Bagaja, in bai yi ba ni zan sayi sukari da ganyen shayi na sati. Na yarda, don na san ba zan saya ba.

Allah ya sa mu dace.