WA ZAI ZAUNA A ASIBITIN ƘAUYE?

Duk wanda ya taɓa ɗaukar mara lafiya cikin dare daga ƙauye zuwa birni, a kan babur ko a amalanke, ba ya bukatar dogon bayani a kan halin da kiwon lafiya ke ciki a ƙasar nan. Ginin asibitin sha-ka-tafi yana nan a bakin gari, an shafe shi da fenti, har da allo mai ɗauke da sunan wanda ya zo ya buɗe shi. To amma ƙofar a garƙame take, awaki ne ke kwana a barandar. In aka tambayi ina malamin asibiti, sai a ce ai a birni yake zaune, ranar kasuwa kaɗai yake leƙowa. Mahukunta sun fi son gini saboda a gini ake samun kwangila, kuma shi ake nunawa a talabijin. Alhali kuwa abin da talaka ya rasa shi ne mutum: wanda aka horas da shi sosai, ɗan garin ko 'yar garin, wanda in an ƙwanƙwasa masa ƙofa ƙarfe biyun dare za a same shi.

Wanda yake shakkar haka, sai ya tambayi dattawan garinsu labarin kurkunu. Matasan yau da yawa ba su taɓa ganinsa ba. Tsutsa ce doguwa da ake sha a ruwan kududdufi da tafki, ta shekara a jikin mutum sannan ta huda ƙafa ta fito, kuma sau da yawa a daidai lokacin noma, sai magidanci ya kwanta wata da watanni gona ta zama saura. A ƙidayar da aka fara a 1988 an samu mutum sama da 650,000 masu ɗauke da ita a Nijeriya, babu ƙasar da ta kai haka a duniya. Ita wannan cuta ba ta da allurar rigakafi, ba ta kuma da ƙwayar da ake haɗiya a warke. Abin da aka yi shi ne, a kowane ƙauye da cutar take aka zaɓi mutum daga cikin mutanen garin aka koya masa aiki. Ya raba ƙyallen tace ruwa, ya hana mai tsutsa shiga tafki, ya wanke masa ciwon ya ɗaure, ya rubuta sunansa a littafi, ƙarshen wata mai duba aiki ya zo ya karɓi lissafi. Aka haɗa da haƙa rijiyoyin burtsatse da zuba magani a tafkuna, Janar Yakubu Gowon ya yi ta zagaye yana matsa wa gwamnoni da ciyamomi lamba. A watan Nuwamba na 2008 aka ga mutum na ƙarshe mai kurkunu, a jihar Enugu, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa ƙasar ta rabu da shi. Mafi yawan waɗanda suka yi wannan aiki ba su taɓa taka jami'a ba.

Hasali ma wannan tsari ba baƙo ba ne a Arewa. Tun 1932 aka kafa makarantar koyon tsafta a Kano, wadda ta riƙa yaye 'yan duba-gari, waɗanda tsofaffi ke tuna yadda suke shiga gida su buɗe randa su leƙa masai. Bayan taron Alma-Ata na 1978, inda ƙasashen duniya suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko shi ne ginshiƙi, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya ɗora harkar a kan ƙananan hukumomi da ma'aikatan lafiyar al'umma. A takarda, shi wannan ma'aikaci ya kamata ya ƙarar da mafi yawan lokacinsa yana bin unguwa-unguwa da gida-gida, ba yana zaune bayan tebur yana jiran a kawo wanda ya galabaita ba. Ya zuwa 1990 an ba da rahoton cewa rigakafin yara ya kai kusan 80 cikin 100. Daga nan aka saki igiya. Binciken ƙasa na 2003 ya nuna cewa yaro 13 kacal cikin 100 ne ya samu cikakken rigakafi, a Arewa maso Yamma kuwa bai ma kai 5 ba.

Ba sai an je ƙasashen Turawa neman misali ba. Ga maƙwabciya Nijar, wadda ba ta kai Nijeriya arziki ba ko kusa. A zamanin Shugaba Tandja Mamadou an gina ƙananan ɗakunan shan magani wajen 2,000 a karkara, aka sa ma'aikata masu albashi da aka ba horon watanni, daga baya aka ƙara koya masu yadda za su gane kuma su magance zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ciwon haƙarƙari a jikin yara. A 2006 aka mai da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Mutuwar irin waɗannan yara ta sauko daga 226 cikin kowane 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. A Arewa maso Yammacin Nijeriya kuwa, binciken 2018 ya samu 187. Shin me Nijar ta mallaka wanda Kano da Katsina da Sakkwato ba su da shi?

Mutane kan raina malamin asibitin ƙauye, wai ai ba likita ba ne. Gaskiya ne ba likita ba ne, kuma bai kamata ya ɗauki kansa likita ba. To amma abin da ke kashe yara a karkara ba ya bukatar likitan tiyata. Yaron da gudawa ta kama, ƙarewar ruwan jiki ce ke kashe shi, kuma ruwan gishiri da sukari ne ke tsare shi: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, a haɗa da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. Yaron da ke tari, horarren ma'aikaci zai ɗaga rigarsa ya ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. In ɗan wata 2 zuwa shekara ne ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 ya kai 40, ya san ciwon ya sauka huhu. Zazzaɓi, ɗigon jini ɗaya ya isa a gane ko na sauro ne cikin kamar minti 15. Tamowa, akwai ɗan awo da ake zagaya damtsen yaro da shi, in ya faɗa kan ja an san ba ta zama ba ce. Mai ciki da ƙafafunta suka kumbura, kanta ke sarawa, in aka auna jininta a kan lokaci za a iya tare jijjiga kafin ta zo. Babban iliminsa ma shi ne sanin iyakarsa, ya san lokacin da zai ce wannan ya fi ƙarfina, a nemo mota yanzu. Su kuwa likitocin da ake jira, ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate da bakinsa ya faɗa a 2024 cewa wajen 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekaru, waɗanda suka rage kuma sun taru a manyan birane.

Akwai kuma abin da ɗan gari yake da shi wanda baƙo ba shi da shi, wato amana. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan ya kashe fiye da 11,000, shekarar da kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a wani gwaji da ya shafi yara 200, aka yi shekaru ana shari'a. Don haka da aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003, tsoron yana da tushe, ko da yake zargin da aka yi wa maganin bai tabbata ba, kuma yaran talakawa ne suka biya kuɗin da ƙafafunsu. Abin da ya dawo da jama'a ba sanarwar rediyo daga Abuja ba ce. Sarakuna da masu unguwanni da limamai ne suka shiga, tare da dubban mata 'yan unguwa da aka koya wa aiki, waɗanda suka san wace ce ta haihu jiya, wane maigida ne mai gardama. A 2016 aka ga na ƙarshe a Borno, a ranar 25 ga Agusta 2020 aka shelanta cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar mai yaɗuwa da kanta. Da aka sake sakaci da rigakafin yau da kullum, sai ga mashaƙo a 2023, Kano ce kan gaba, kuma akasarin waɗanda ya kama yara ne da ba a yi wa allura ba.

A nan ne magana ta zo kan 'yan'uwa matasa, kuma dole a faɗe ta ko da ba ta da daɗi. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a 2020 mata wajen 82,000 suka mutu a Nijeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. A Arewa maso Yamma, binciken 2018 ya nuna cewa haihuwa biyar ba a samun ɗaya da ƙwararre ya karɓa. Magidanta da yawa suna cewa ba za su kai iyalinsu inda namiji zai duba su ba. Wannan kishi ne da ake fahimta. To amma mutumin nan shi ne kuma ya cire ƙanwarsa daga makaranta tana aji uku, shi ne ya ce matarsa ba za ta je makarantar ungozoma ba. Daga ina macen da za ta duba matar tasa za ta fito? Daga sama za ta faɗo? Malaman fiƙihu sun daɗe da sanya ilimin magani cikin farillan da in wasu suka ɗauke an sauke wa kowa, in kuma aka rasa mai yi laifin ya hau kan al'umma duka. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna, ƙanwarsa Nana Asma'u kuwa ta horas da jajis, ta ɗora masu malfa, suka riƙa komawa ƙauyukansu suna karantar da mata. Wanda yake son ya ga sakamakon doguwar naƙuda a gida, ya je asibitin Babbar Ruga a Katsina ya ga layin masu yoyon fitsari, akasarinsu yara mata.

Su ma mahukunta suna da tambayoyin amsawa. A 2001, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa kusantarsa ba. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, a shekarar ce kuma aka amince a ƙara wa ma'aikatan karkara horo su riƙa wasu ayyukan da a da sai nas ko ungozoma. A 2024 aka fara shirin sake horas da ma'aikata 120,000. Duk wannan ya yi kyau a takarda. Abin takaici shi ne, a jihohi da yawa akwai matasan da suka gama karatun, suka ci jarrabawa, suka shekara da shekaru suna aikin sa-kai a asibitocin gwamnati ba ko sisi, ana ce masu an dakatar da ɗaukar aiki. Wanda aka ɗauka kuma, in yana da uwa a gindin murhu, wata uku ya yi yawa an dawo da shi birni, sai a ga asibiti ɗaya a cikin gari da ma'aikata sun rasa kujerar zama, na ƙauye kuma mutum ɗaya ne likita, shi ne mai ba da kati, shi ne mai shara. Wanda ya gaji da jira sai ya buɗe kemis, ya fara ƙarin ruwa da allura ga duk wanda ya shigo, horon da aka ba shi don ceto ya koma hanyar neman na abinci.

Saurayin da ke da sakamakon sakandare mai kyau a Turanci da lissafi da darussan kimiyya, bai kamata ya zauna shekara huɗu yana jiran gurbin likitanci a jami'a ba. Karatun ma'aikacin lafiyar al'umma shekara uku ne, na ƙaramin mataki shekara biyu, kuma akwai hanyar ƙarin karatu a asibitocin koyarwa. Garin da ba shi da ko ɗaya, matasansa na iya yin karo-karo su ɗauki nauyin mutum biyu, mace da namiji, bisa yarjejeniyar cewa gida za su dawo. Kowane asibitin mazaɓa kuma ya kamata a ce yana da kwamitin mutanen gari da ke sa masa ido, wanda ke da ikon tambayar ina ma'aikaci, ina magani, nawa ya shigo. Kujerun wannan kwamiti sau da yawa 'yan koren ciyaman ne ke kansu, don babu wanda ya nema.

Sai dai a yi hattara da makarantun je-ka-na-yi-ka da suka cika gari, shago uku da farin kaya, ba ɗakin gwaji, ba asibitin da ɗalibi zai koyi aiki da hannunsa. Tun 1992 akwai hukumar tarayya da ke yi wa ma'aikatan lafiyar al'umma rajista, ita ce ke amincewa da makaranta, ta shirya jarrabawar ƙasa, ta ba da lasisi. Kafin uba ya sayar da buhun gero ya biya kuɗin makaranta, a nemi a ga takardar amincewar wannan hukuma, a kuma tambayi ɗaliban da suka fita ko sun samu lasisinsu.